Kwana Huɗu Ana Kiran Habu Roni

Mu mutanen Babura ba ma sakin jiki da mai alƙalami. Ba ƙiyayya ba ce, haka aka rene mu. Tun ina ƙarami na ga yadda mahaifina, Malam Mati, yake yi idan baƙo ya sauka a ƙofar gidanmu da littafi a hammata. Mai haraji ne, ko mai jangali, ko mai ƙidaya, duk ɗaya ne a wurinsa. Zai shimfiɗa masa tabarma, ya sa a dama fura, ya gaishe shi har ya gaji, sannan ya zauna ya shirga masa ƙarya cikin ladabi. Shanunmu kuwa tun da safe sun tsallaka Faransa, kamar yadda tsofaffinmu ke kiran Nijar. Ya sha gaya mana cewa duk wanda ya tambayi sunanka yana rubutawa, ba don alherinka yake rubutawa ba. Da wannan karatun na tafi Amurka, kuma saura kaɗan ya dawo da ni gida ba takardar shaida, ba mutunci.

Lokacin kuɗin mai ya fara shigowa, gwamnatin jiha tana kwasar matasa tana tura su karatu waje. Ina koyarwa a wata firamare a Kazaure na cika takarda kamar da wasa, sai ga sunana ya fito, wai in je in koyo aikin jarida. Aikin jarida fa! Ɗan Malam Mati zai zama mai alƙalami. Da Baba yana raye da ya ce an yi asarar haihuwa. Amma gari ya ɗauka, ana nuna Inna a gidan biki ana cewa ga wadda ɗanta ya tafi ƙasar Turawa, don haka na san ba ni da hanyar dawowa sai da abin da na je nema.

Daga inda jirgi ya sauke ni kwana uku na yi a cikin bas kafin in kai kudancin Teksas. Kilishin da Inna ta ƙulle mini an karɓe shi tun a filin jirgi, sai biskit na yi ta ci. Wata mata da ke kusa da ni ta miƙo mini burodi da nama a tsakiya, na ce na ƙoshi, alhali cikina yana kuka har ita ma tana ji. Na rungume jakata ko bayan gida ba na zuwa sai da ita. Da muka isa garin na sauko na duba, sai na kusa yin dariya. Fili ne shimfiɗe, ga zafi, ga itatuwan ƙaya, ga kogi ya raba su da Meziko. Mutane suna da dangi a nan suna da dangi a can, suna magana da harshe biyu, suna kashe kuɗi iri biyu kamar yadda muke juya naira da sefa. Na ce a raina, ashe duk wannan doguwar tafiya Babura na sake dawowa. Hakan bai kwantar mini da hankali ba ko kaɗan, don na san garin iyaka, na san ba ya rabuwa da 'yan rahoto.

Shekarar farko ta wuce lafiya, daga aji sai ɗaki. Da dogon hutu ya zo aka rufe ɗakunan kwanan ɗalibai, kowa ya kama gabansa, ni kuwa ba inda za ni. A allon sanarwa na ga wata 'yar takarda, ana neman mai haya a unguwar 'yan asalin Meziko. Na je na tarar da wani tsohon gidan katako, fentinsa duk ya ɓare, yana warin tawada. Mai gidan wata tsohuwa ce 'yar ƙarama, ta haura tamanin, baƙar riga har ƙasa, tabarau a hanci, yatsunta baƙi ƙirin kamar na marini. Kowa Donya Otiliya yake ce mata, Donya ɗin kamar yadda muke cewa Hajiya ne.

Ta zaunar da ni, ta zuba mini kofi, ta nuna mini ɗakin. Komai ya yi mini. Sai kawai ta jawo wani ƙaton littafi mai baƙin bango, ta buɗe, ta cire murfin alƙalami. Ta tambayi sunana da garinmu, sannan ta ƙara da tambayar da ta tsinka mini jijiya.

"Wa za a sanar idan wani abu ya same ka?"

Me zai same ni? Me ta sani da ban sani ba? Kafin in yi tunani bakina ya riga ya yi irin na Baba. Na ce sunana Habu Roni, kuma ba ni da kowa.

Habu yayana ne, ɗan farin Inna. Kamar yadda ake yi, tun da aka yaye shi aka kai shi wurin kakanninmu na wajen uwa a Roni, can ya girma, shi ya sa ake ce masa Habu Roni. Ina ɗan shekara tara ya bi wani ayari zuwa gabas, wai za su yi ta aiki a hanya har su kai Makka. Tun daga ranar ba wasiƙa, ba saƙo, ba wanda ya ce ya gan shi. Baba bai kai cigiya wurin hukuma ba, don kai cigiya sai ka faɗi suna an rubuta. Inna kuwa ba ta taɓa faɗin sunansa ba ko sau ɗaya, saboda kunyar ɗan fari. In ta matsu sai ta ce "yayanku". Haka sunan ya mutu a gidanmu tun ba a tabbatar mai shi ya mutu ba. Ban san abin da ya sa shi ya zo bakina ranar ba. Tsohuwar ta rubuta, ta maimaita da harshenta da ba ya iya furta farkon sunan, ta ce Abu Roni, ta busa tawadar ta rufe littafi.

Daga ranar na sa mata ido, kuma duk abin da na gani ƙara mini zargi ya yi. Da rana wani inji yana ƙara a ɗakin baya, taf, taf, taf. Leburorin gona suna shigowa ta ƙofar baya da hulunansu a hannu, su yi ta magana ƙasa-ƙasa da Sifaniyanci, ita kuwa tana rubutawa. Mata suna zuwa da hotuna, su fita suna share hawaye. Abin da ya gama ni shi ne ranar da na dawo na tarar da wani mai kakin tsaron iyaka zaune a barandarta yana shan kofi, ita kuma ta buɗe baƙin littafin nan tana karanta masa wani abu yana gyaɗa kai. Na ce shi ke nan, Sama'ila, ka kawo kanka gidan 'yar rahoto, har kana biyan haya.

Na shiga dabara irin ta gida. In zan fita sai in saƙala tsinken tsintsiya a jikin ƙofa, in dawo in duba. Kullum tsinken yana ƙasa. Tana shiga ɗakina, babu shakka. Amma me take yi? Ta canza zanin gado. Wata rana na tarar ta ajiye mini wata 'yar darduma mai ratsin ja, don ta ga ina salla a kan tawul. Ta lura ba na taɓa abincin da aka sa man alade, sai ta ware mini tukunya daban tana dafa mini wake da man gyaɗa, ko kalma ba ta ce ba. Wallahi waken nan ya fi komai daɗi a ƙasar, na kan ci ina tuna garau-garau ɗin Inna har idona ya kawo ruwa. Duk da haka in na gama ci sai in ce wa kaina, ai ni ma na sha watsa wa kaza tsaba in zan kama ta.

Da ta ji jarida nake karanta, fuskarta ta washe, ta ja ni ɗakin baya. Wani tsohon injin buga takarda ne na hannu, da akwatunan haruffan ƙarfe, da tarin tsofaffin jaridu har rufi. Ta ce tun tana budurwa take wannan aikin, da can jaridar shafi takwas ce duk mako, yanzu ta koma falle ɗaya duk wata. Na ce madalla, na yaba injin, na nemi hanyar fita. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Kana karatun jarida, amma sati uku ke nan a gidana ba ka tambaye ni komai ba."

Na ce a garinmu yaro ba ya yi wa babba tambaya. Ta ce to lallai garinmu zai sha wuyar samun jarida. Na ji haushi, don na san ta faɗi gaskiya.

Aljihuna ya bushe a tsakiyar hutu. Takarduna na ɗalibi ne, ba su ba ni damar yin aiki ba, na kuma san haka sarai. A bakin wani kanti na haɗu da wani ɗan kwangilar lebura mai suna Rojeliyo, mai haƙorin zinariya, kullum cikin dariya. Ya ce yana neman masu cire albasa. Na ce albasa ai a cikinta na girma. Bai tambayi sunana ba, bai tambayi garinmu ba, ko alƙalami ba ya ɗauka. Abin da ya sa na yarda da shi ke nan, ku ji wauta. Ya ce in kawo fasfona ya ajiye mini, wai akwai ɓarayi a gona kuma gidan haya ba amana. Da na tuna tsinken tsintsiyata sai na ga ai maganarsa dutse ce. Ni da hannuna na miƙa masa, ya jefa cikin wani gwangwanin biskit da ke cike da takardun mutane.

Ranar farko da na dawo ina warin albasa Donya Otiliya ta kalli hannuwana ta tambaye ni gonar wa. Na faɗa mata don ba yadda zan ɓoye, ta rubuta. Ta tambayi inda fasfona yake, na ce yana makaranta. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce in je in ci wake kafin ya huce.

Sati biyar na yi ina duƙe a rana. Ranar da za a gama cirar, wajen hantsi, muka ga motoci sun zagaye gonar. Rojeliyo kuwa tun da safe ya ce zai je ya ɗauko ruwan sha, har yau bai dawo da ruwan ba. Daga baya na ji cewa haka yake yi duk ƙarshen kaka, ya sa a kwashe mutane ya huta da sallamarsu. Amma a lokacin, ina zaune a bayan mota an haɗa ni da mutum ashirin, mutum ɗaya ce a raina, tsohuwar da ta rubuta sunan gonar a gabana.

Aka kai mu wani babban sansani da aka kewaye da waya, mu ɗaruruwa, har da baƙaƙen fata daga tsibirai, don haka ban fita daban ba. Da aka zo rubuta sunaye tsoro ya sa na faɗi na gaskiya, Sama'ila Mati Babura. Na ce ni ɗalibi ne. Jami'in bai yi mini tsawa ba, ya ce in nuna takarda. Ba ni da ita. Suka buga waya makaranta, ofishin ɗaliban waje a rufe, ana hutu. Ya ce in ba wanda ya kawo shaidata cikin mako, za a tura ni wani gari daga can a sa ni a jirgi. Na zauna a gindin bango ina hango kaina ina sauka a tashar Babura da 'yar leda a hannu, matan da ke nuna Inna a gidan biki suna leƙe ta katanga.

Washegari da safe ina layin karɓar abinci sai na ji wata siririyar murya daga bakin waya.

"Abu Roni! Abu Roni!"

Na leƙa ta bayan wani, sai ga ta can tsaye da baƙar lema, da littafin a hammata. Mutum ɗaya ce a duk ƙasar Amurka ta san wannan sunan. Na ce to, ta sayar da ni bai ishe ta ba, yanzu ta zo ta nuna musu ina da suna biyu. Mai suna ɗaya gida za a kai shi, mai suna biyu kuwa kurkuku. Na bar layin na laɓe a bayan rumfar wanka, ranar ko abincin ban ci ba. Ta kira ta kira har rana ta take, sannan ta tafi.

Rana ta biyu ta dawo. Wannan karon har wani mai gadi ya taya ta da lasifika, sunan yayana ya cika sansanin. Shekara goma sha bakwai ban ji an ɗaga murya an kira sunan nan ba, sai ga shi yana fitowa daga bakin ƙarfe a ƙasar da Habu bai taɓa jin labarinta ba. Na toshe kunnuwana. Na tsine mata a zuciya, Allah ya yafe mini.

A rana ta uku ne na lura da wani abu. Duk lokacin da ta iso bakin wayar, mazan da ke tsakar fili sai su miƙe su cire huluna. Wasu su matsa su faɗa mata sunayensu tana rubutawa, suna turereniya kamar ana rabon goro. Na ce wa wani dattijo da muke kwana kusa da juna, Anselmo, mai ɗan guntun Turanci, me ya sa suke ba 'yar rahoto sunayensu? Ya dube ni kamar na zagi uwarsa. Ya cire hularsa, ya zaro wata 'yar takarda daga cikin naɗin hular, ta yi ja don tsufa, ta kusa rabewa a wurin ninki. Ya nuna mini wani layi da yatsa ya ce sunan mahaifinsa ne.

Da guntun Turancinsa da hannu ya ba ni labari. Yana yaro kogin nan ya ci mahaifinsa. A zamanin, in aka tsinci gawar ɗayansu, manyan jaridun Turanci layi ɗaya suke rubutawa, an tsinci gawar wani ɗan Meziko, shi ke nan. Wannan matar, tana budurwa a lokacin da mace ba ta shiga ɗakin buga jarida, ita ce ta ce ba wani mutum da sunansa "wani". Sai ta hau keken doki ta bi gonaki da hoton gawa ko da takalminsa, tana tambaya har ta samo sunansa da ƙauyensu da sunan uwarsa, ta buga, ta aika wa danginsa. Sau biyu aka fasa mata injin, ta gyara ta ci gaba. Da ta gaji da neman sunayen matattu sai ta fara rubuta na masu rai tun kafin su ɓace. Mai kakin da na gani a barandarta kuwa, Anselmo ya ce ai duk wata sai ta kira ɗaya daga cikin masu kakin ta karanta masa sunayen waɗanda ake nema, ko suna hannunsu. Ya ce 'yan jaridar da ke rubutu da harshensu a yankin yau, da wuya ka sami wanda bai koyi jera haruffa a ɗakin bayanta ba.

Sannan ya ce, ko wane ne wannan Abu Roni ɗin, Allah ya sa ba a kogi yake ba, don tsohuwar ba za ta daina ba.

Kunya ta rufe ni. Amma kada ku ɗauka na tashi na ruga bakin waya. Ina! Jinin Malam Mati ba ya sauka da wuri. Na ce in bari sai gobe, in ƙara dubawa, wa ya sani ko dattijon ma nasu ne. Rana ta huɗu ta zo ta kira, muryarta ta dishe, tana kira tana tari. Na fito daga bayan rumfa, na yi taku kamar goma, sai na ga mai gadi tsaye kusa da ita da takarda a hannu, ƙafata ta ƙi gaba. Ina kallo ta naɗe lemarta ta juya a hankali.

Rana ta biyar ba ta zo ba. Na tsaya a bakin wayar tun safe har la'asar, ni da nake ɓuya, yanzu ni ne mai leƙen hanya. Aka karanta sunayen waɗanda za a kwashe jibi, nawa yana ciki. Ranar na yi kuka, ba na ɓoyewa, kuma ba don jirgin kaɗai ba.

Rana ta shida da hantsi lasifika ta ce, Sama'ila Mati Babura. Aka kai ni ofis. Tana zaune a kan benci, fasfona a kan cinyarta, kusa da ita wani malaminmu da ta sa aka nemo daga inda yake hutu. Daga baya maƙwabta suka ba ni labarin yadda ta yi. Ranar da ba ta zo ba gidan Rojeliyo ta je, ta zauna a barandarsa ta buɗe littafi, ta ce ya faɗa mata yadda ake rubuta cikakken sunansa don kada ta yi kuskure a bugu na gaba. Uwarsa ta fito ta gan ta, ta koma ciki ta ɗauko gwangwanin biskit ɗin da kanta. Babu Habu Roni a ciki. Sai ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya har ta ga fuskata a ƙarƙashin wani suna. Sauran takardun ma ba ta bar masa ko ɗaya ba.

Aka yi ta magana, malamin ya sa hannu, aka ja mini kunne sosai a kan aikin da na yi, aka sake ni. Muka shiga mota. Na so ta zage ni, da ya fi mini sauƙi. Muka isa gida ta zuba mini wake, ta jira na ci, sannan ta jawo littafin ta buɗe shafin. Na durƙusa kamar yadda ake yi a gida, na fara ba ta haƙuri. Ta ɗaga hannu.

"Ƙarya an sha yi mini, mai tsoro ba ya rasa ta. Amma mai ƙarya yakan ƙirƙiro suna ne, kai kuwa da ka faɗi wannan muryarka ta yi rawa. Wane ne Abu?"

Na gaya mata komai, ayarin gabas, da Baba da bai kai cigiya ba, da Inna da ba ta faɗin sunan. Wannan na ƙarshe ya ba ta mamaki, ta sa na maimaita. Na ce kunya ce, ba ƙi ba, a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Na ɗauka za ta soke sunan, sai na ga ta rubuta nawa a ƙasansa, ta koma kan nasa ta fara tambaya. Shekararsa nawa da ya tafi, yana da tabo, wace riga ya sa, me ya iya yi. Na ce yana da tabon ƙaho a gira ta hagu, kuma ya iya busa sarewar kara. Ni kaina ban san ina tune da waɗannan ba sai da aka tambaye ni.

A bugun watan, a jerin waɗanda ake nema, tsakanin wani ɗan Meziko da wata mata, ga Habu Roni. Ni na jera haruffan da hannuna, tana tsaye a kaina tana gyara mini. Na ce mata, Donya, wa zai san Habu a Teksas? Ta ce yawancin waɗanda ta buga ba a same su ba, amma ba uwar da ta mutu tana cewa ba wanda ya nemi ɗanta.

Tarin da ta kwaso a bakin wayar nan bai sake ta ba. Ta kwanta da sanyi ya shigo, ba ta kai wani hutun ba. Likita ya ce tsufa ne, ni dai na san kwana huɗun da na bar ta a rana, kuma har gobe ina jin su. A ɗan tsakanin nan na yi mata tambayoyin da ban yi ba a da, har ta kan ce in bar ta ta huta. Ranar jana'izarta mutane suka cika titi, da yawa riƙe da 'yan guntayen jaridu irin na Anselmo.

Na gama karatuna na dawo da takardata. Na yi shekaru ina aikin jarida, kuma duk ƙauyen da na shiga da littafi a hammata, daga Gwiwa har Kanya Babba, an shimfiɗa mini tabarma an shirga mini ƙarya. Ban taɓa jin haushi ba, sai in gyara zama in sake tambaya.

Amma ranar da na iso gida, bayan 'yan barka da zuwa sun watse, na sami Inna a ɗakinta na ciro fallen jaridar. Ba ta karatun boko, sai na kama yatsanta na ɗora a kan layin. Na ce mata sunan yayanmu ne. Na ba ta labarin duka, har laɓewata a bayan rumfa ban rage ba. Ba ta yi mini faɗa ba. Yatsanta yana nan inda na ajiye shi.

"Da sunansa ta kira shi? A gaban mutane?"

Na ce e, Inna, da ƙarfi.

"Kwana nawa?"

Na ce huɗu.

Ta ja gefen mayafinta ta rufe baki. Can ta ce in faɗa mata yadda tsohuwar take faɗa. Na gyara murya na kwaikwayi harshen Donya Otiliya, na ce Abu Roni. Inna ta runtse ido, ta ce in sake.